Bargon Ƙyalle na Inna

Na ɗinka wa Inna bargo da ƙyalle ɗari da arba'in. Ta karɓa, ta ajiye shi wata uku ba ta rufa da shi ba.

Sai na faɗi dalili, don kada a ga laifinta. Na yi shekara shida a gidan yari. Abin da aka ce na yi, na yi shi. Bijimai biyu na noma na kwance daga turke a Dudunni, na kai su wata kasuwa mai nisa. Mai su aminin babana ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ina ciki babana ya rasu. Wani da aka kawo daga wajen Kusada ne ya gaya mini, an riga an yi sadakar arba'in.

A gidan yarin na koyi riƙe allura. Akwai wani dattijo mai facin kayan fursunoni, ya ga ba na son magana, ya ce in riƙa zama kusa da shi. Abu biyu na fito da su, ɗinkin hannu da rashin yarda da mutum. In aka yi mini fara'a sai na duba abin da ake nema a wurina. In aka miƙo mini abu sai na juya bayansa na gani.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun ina yaro ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In za ta ba ni tuwo sai ta ajiye, ta ce da bango, "Ga abinci nan." Haka ake yi wa ɗan fari a wurinmu, ban taɓa jin ciwon abin ba. Da na dawo ne ya zama wahala. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Da ma haka take amsawa. Na rasa gane ko kunyar ɗan fari ce, ko kuwa ta fitar da ni daga ranta. Duka biyun kamarsu ɗaya.

Ban iya zama a Dudunni ba, don hanyar masallaci ta ƙofar gidan mai bijiman ta bi. Na koma Kankia. Wani tsohon tela kusa da kasuwa ya ɗauke ni aiki: sa maɓalli, kalmasa, guga, shara. Shi kaɗai ya yarda ya ɗauke ni, na kuwa yi wata biyu ina jiran ranar da zai faɗi abin da yake so a wurina. Bai faɗa ba.

Ina da ƙanwa ɗaya, tana aure a Kusada, ita ke zuwa duba Inna. Ta hannunta na fara aika kaya. Na aika sabulu da sukari, suka dawo. Na aika takalmi, ya dawo. Na aika turmin atamfa, shi ma ta dawo da shi har shago.

Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a tambaye ka inda ka samo."

Na ce, "Da gumina."

"Na gaya mata. Ta ce ba ta nan lokacin da gumin ya fita."

Na san halin Inna. 'Yar malamai ce. In kazar maƙwabta ta yi ƙwai a tsakar gidanmu, sai ta ɗauka a tafin hannu ta kai musu. Amma ban yarda da ƙanwata ba. Mijinta ba ya amsa gaisuwata da kyau, na ce wataƙila kayan ba sa isa Dudunni ma. Da zan sake aikawa sai na ƙulla bakin ledar da baƙin zare, ƙulli uku, irin wanda ni kaɗai na sani. Ta dawo da ƙullina yadda na yi shi. Wannan bai gaya mini komai ba. Ko Inna ce ta ƙi kwancewa, ko ledar ba ta wuce Kusada ba.

A wannan zuwan ne ƙanwata ta ce gwiwoyin Inna na damun ta in sanyi ya shigo. Gwadon babana an bayar da shi sadaka, yanzu zane biyu take haɗawa ta rufa. Na san in na sayi bargo a kasuwa, dawowa zai yi.

Washegari ina sharar shago na tsaya da tsintsiya a hannu. Ƙasa cike take da ƙyallaye, na shadda, na atamfa, na yadi. Na ce a raina, ga abin da ba a saye, ba a sayarwa, ba wanda zai ce an sace masa. Na fara ɗaukar wani kore mai farin layi na sa a aljihu. Na ƙara wasu. Ban san maigidana yana kallona ta saman tabarau ba.

Ya ce, "Me ka sa a aljihu?"

Na ce, "Shara."

"Shara a kwando ake zuba ta."

Na gaya masa abin da nake nufin yi. Ya tsayar da keken ɗinki.

Ya ce, "Ƙyallen nan kowane da mai shi. Mutum ya kawo yadi biyar, riga ta ci huɗu da rabi, rabin nan nasa ne, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. In ya bari aka ƙone, ya bari. Amma bai ba ka ba. Mu teloli tun kakanni ake cewa muna cin yadin mutane. Ni da furfurata ana faɗa mini, balle kai. In kana so, ka roƙa, baki da baki."

Na juye aljihuna a kwando a gabansa. Sai bayan kwana biyu, da na zo wanke rigar, na tarar koren nan ya maƙale a kusurwar aljihu. An riga an ƙone sharar ranar, ban kuma san daga kayan wa ya fito ba. Na ce guda ɗaya ne. Na ajiye shi.

Wanda na fara roƙa wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, ya zo karɓar babbar riga.

Na ce, "Alhaji, ina roƙon ragowar shaddar nan."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Ka yi me da ita?"

"Bargo zan haɗa wa mahaifiyata."

"Da ƙyallen rigata."

"Da na mutane da yawa."

Ya sunkuya da girmansa, ya tsince ƙyallen shaddarsa kaf, har da zaren da ya zube ƙarƙashin keke, ya cusa a aljihu. Da zai fita ya ce da maigidana, "Ka dai san wanda ka ajiye."

Sai a lokacin na tuna. A wurinmu ba a roƙon yankin rigar mutum. Shi ne abin da ake kai wa boka in ana so a yi wa mutum sammu. Kowane yaro ya san wannan. Ni na manta, don na yi shekara shida a inda kowa kayansa iri ɗaya ne, ba wanda ya damu da yankin rigarsa.

Ban daina ba. Wasu suka hana, wasu suka ce sai sun yi shawara, ba su ƙara tayar da zancen ba. Mai shayin bakin titi ya ce in ɗauka, shi ba shi da abin da za a yi wa sammu sai butar shayi. Wani malamin Islamiyya ya ba ni, amma sai da ya sa na maimaita niyyata sau biyu. Wadda ta fi kowa ba ni wata tsohuwar dillaliya ce da ke kawo ɗinkin matan gidaje. Sa'ar kakata ce, don haka take tsokanata.

Ta ce, "Angona, ƙyalle kawai? Ni ina nan ina jiran lefe, ashe tsumma kake tara wa kanka."

Na ce, "Na Inna ne."

"To ni mi na ci maka? Kowa sai uwa tasa." Ta kwance ƙullinta ta zube mini ragowar zannuwanta, na da da na yanzu, sun fi talatin. Ta ce, "Nawa ne, ba na matan mutane ba, kada ka dube ni haka. Wanga idon naka ko ɗan sanda ba ya da shi."

Bakinta ba ya riƙe magana. Cikin mako biyu labari ya zaga kasuwa cewa tsohon fursunan shagon tela yana tara yankin kayan mutane. Ina zaton daga bakinta ya fita. Ban tabbatar ba.

Ga yadda na yi aikin. Na yanki kwalin sukari daidai faɗin hannuna da yatsu, shi ne ma'aunina. Kowane ƙyalle sai na wanke shi tukuna, don wata atamfar tana zuba, ja ya fi kowa wannan hali. Na goge, na ɗora kwali, na zana da alli, na yanka. Leshi ba ya yi, ramuka gare shi. Shadda tana da santsi, in ka haɗa ta da atamfa ɗaya na ja ɗaya na saki, sai ka riƙe su da allurai kafin ka ɗinka. Goma-goma na jera su a layi, layi goma sha huɗu. Maigidana ya ce in hau keke in gama cikin kwana uku. Na ƙi. Keken nasa ne, zaren da ke kai nasa ne. Nawa zaren a gabansa na saya, na nuna masa. Audugar da na shimfiɗa a tsakiya wani manomi daga Sukuntuni ya ba ni, ladan buhunan da na yi masa faci. Bayan bargon tsohon zanen gado ne, matar maigidana ta aiko da shi.

A lokacin ban iya rubutu ba. Don haka kowace safiya kafin in fara aiki sai in bi layukan da yatsa ina faɗa a zuci: wannan na mai shayi, wannan na dillaliya, wannan na malami, ranar kaza ya ba ni, wane na tsaye. In na zo kan koren sai in tsallake. A layi na tara na sa shi, don wurin ya yi duhu da yawa, shuɗi da baƙi sun taru, ana bukatar abu mai haske.

Ina layi na goma sha ɗaya wani direba ya shigo shago ba sallama. Ya taɓa ba ni ƙyallen yadi ruwan ƙasa yana dariya. Ranar babu dariya. Motarsa ta lalace sau biyu a hanyar Kusada, ta uku taya ta fashe da fasinja a ciki.

Ya ce, "Ba ni abina."

Na ce, "Yana tsakiya."

"Ko yana cikin cikinka ne, fito da shi."

Mutane suka taru a ƙofa. Na shimfiɗa bargon a kan tebur, na nemi layi na shida, na sa reza na farke gefe huɗu. Ɗinkin kwana biyu ya tafi. Na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya sansana, ya fita ya jefa a murhun mai shayi, ya tsaya har ya ƙone. Mai shayi ya ce, "Saura tayar, ita ma kawo mu ƙone." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina duba fuskokin da ke ƙofa, ina neman wanda ya zuga shi.

Daga ranar na fitar da benci waje. A bakin titi nake ɗinki, da rana tsaka, kowa na gani. In an tashi sai in bar bargon a shago maigidana ya kulle, ba na kai shi ɗakina. Waɗanda suka ba ni sukan tsaya su nemi nasu. Wasu suka kawo ƙari. Wata rana maigidana ya fito ya tsaya a kaina, ya bi layukan da ido. Ya ɗora yatsa a kan koren, ya ɗan daɗe, ya ɗauke. Ya ce, "Ɗinkinka ya yi kyau." Ya koma ciki. Na yi kwana uku ina juya wannan yatsan a raina.

Wata bakwai na yi. Wannan karon ban ba ƙanwata ba. Na bari sai ranar da na san tana Dudunni, na ɗauka da kaina. Na ajiye a ƙofar ɗakin Inna, na durƙusa, na yi magana ina kallon ƙasa.

Na ce, "Ga bargo. Ba saye na yi ba. Ƙyalle ne, kowane roƙa na yi wajen mai shi."

Inna tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce da ƙanwata, "A ajiye bisa akwati."

Bai dawo ba. Shi ne abu na farko da bai dawo ba. Amma da na koma bayan mako biyu, na hango shi ta labule, yana kan akwati da ninkin da na yi masa. Bayan wata guda ma haka. Sanyi ya shigo sosai, na ga Inna tana dafa bango in za ta tashi, bargo yana inda yake.

Sai ƙanwata ta fara zuwa Kankia ranar kasuwa. Da ba ta zuwa sai da dalili. Na dawo daga ɗebo gawayin guga na tarar da ita tsugune kusa da keken maigidana, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni suka yi shiru. Wani makon na hango ta wajen mai shayi, ita da ba ta shan shayin titi. Wani makon tare da dillaliya a bayan rumfar masu atamfa.

Na tare ta. Na ce, "Me kike nema a shagonmu?"

Ta ce, "Ɗinki na kawo."

"Ina yadin?"

Ta gyara mayafi. Ta ce, "Yaya, rana na yi, mota za ta tafi ta bar ni."

Na yi ta lissafin abin a raina. Na ce shaidu ake tarawa. Wataƙila Alhajin nan ko direba ya kai ƙara, ana neman wanda zai ce ya ga na binne wani abu. Wataƙila mijinta ne ke so a kore ni daga Kankia yadda na bar Dudunni. Na haɗa kayana a buhu na ajiye bayan ƙofa, don in abu ya taso kada in tsaya tattara komai. Na daina cin abincin da matar maigidana ke aiko mini, na ce cikina ne ba daɗi. Har na ce wataƙila abin da nake hangowa a kan akwati ba bargon ba ne, an ɗauke shi an sa wani abu. Na hau mota na je Kusada ba sanarwa, na shiga gidan ƙanwata, ina gaisuwa ina leƙen igiyar shanya da kan gado. Babu shi. Mijinta yana zaure yana gyaran galma.

Ya ce, "Ka zo duba turke ne? Mu ba mu da shanu."

Na sa takalmina na fito.

Wata uku cif sai ƙanwata ta zo ta ce Inna na nemana, gobe bayan azahar. Ba ta taɓa nemana ba tun da aka haife ni.

Na tarar an shimfiɗa tabarma biyu a inuwar bishiyar bedi ta tsakar gida. Bargon yana buɗe a kan ɗaya. Inna na zaune a gefensa, ta ba ni rabin baya. Ƙanwata tana tsakaninmu. Na gaisar, aka amsa. Inna ta ɗora yatsa a kan ƙyallen farko na layin farko.

Ta ce da ƙanwata, "Wanga fa?"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ta ce wannan fa?"

Na ce, "Na mai shayi ne. Ragowar rigarsa ta sallah. A gaban maigidana ya ba ni."

Ƙanwata ta gyaɗa kai. Yatsan ya matsa.

"Wanga fa?"

"Na dillaliya. Zanen da ta yi ankon bikin jikarta."

Ta sake gyaɗa kai. A nan na gane abin da ya riƙa kai ta Kankia. Aikenta aka yi. Wata uku tana bin masu ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama ni game da buhun da ke bayan ƙofata, amma ban sami lokacin jin ta ba, don yatsan bai tsaya ba. Daga layi na uku ƙanwata ta daina maimaita tambayar. Inna ta tambaya, in amsa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da ita ba, ko da yake bedi take kallo, ni ina kallon tabarma.

A layi na shida na gaya mata labarin direba, da wanda ya ba ni abin da na cike gurbin. Yatsan ya ci gaba.

Muka zo layi na tara. Ina ganin yatsan yana matsowa, saura uku, saura biyu. Amsa tana nan a bakina a shirye. In ce na dillaliya ne. Ta ba ni sun fi talatin, ita kanta ba za ta iya tuna su duka ba, in aka tambaye ta cewa za ta yi nata ne don ta rufa wa angonta asiri. Na yi ƙarya a gaban alƙali ban ƙifta ido ba. Wannan ƙarama ce a kan waccan.

"Wanga fa?"

Na ce, "Ban san mai shi ba. A ƙasa na tsince shi, tun kafin in fara roƙo."

Ƙanwata ta dubi ƙafarta. Wata kaza ta zo ta taka bakin tabarma, ba wanda ya kore ta. Na ce a raina shi ke nan, wata bakwai sun tafi, zan koma Kankia da bargo a kafaɗa.

Inna ta ce, "A ba ni reza."

Da hannunta ta farke shi. Idonta ba ya gani sosai, ta riƙa laluben zaren da farce, ba ta taɓa na kusa da shi ba ko ɗaya. Ta cire koren, ta ajiye a kan tabarma, ta tura shi wajena da bayan hannu. Sannan ta ɗora yatsa a kan na gaba.

"Wanga fa?"

Muka ci gaba har ƙarshen layi na goma sha huɗu. Ta tambayi auduga, ta tambayi zanen baya, ta tambayi zare. Da aka gama ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da shuɗiyar riga a ninke, na gane ta tun daga nesa. Da ita babana ke zuwa Juma'a.

Ta ce da ƙanwata, "Rigar Malam ce. Da aka raba gado a rabon wancan ta faɗo, na ajiye. A ce masa tasa ce. In ya ga dama ya yanka ya cike."

Ni duk zatona an raba kayan babana ba a sa da ni ba. Na daɗe da riƙe wannan a kan kowa na gidan, ban taɓa tambaya ba.

Kwalina yana aljihu, da allura da zare. Ƙanwata ta kawo almakashi. Na yanka daga ƙasan rigar ta ciki, inda ba zai nuna ba. Na ɗinka a wurin, a zaune, sau biyu ina soke kaina. Wurin ya koma duhu kamar yadda na guje masa tun farko, shuɗi kusa da shuɗi. Na gama ana kiran la'asar. Na ninke.

Inna ta ce, "A kai bisa gado."

Har yau ban san ko ta riga ta san labarin koren ba. Na tambayi maigidana ko shi ya gaya wa ƙanwata. Ya ce, "Ni tela ne, aikina awo da yanka." Ya yi dariya, dariyar ba ta kwanta mini ba. Na tambayi ƙanwata, ta ce, "Yaya, ka cika bincike." In sun sani, to tarko aka ɗana mini na tsallake. In ba su sani ba, da ƙaryata ta wuce. Ina yawan tunanin wannan in ina kalmasa.

Ƙanwata ta riƙa ce mini Inna na rufa da shi. Ban yarda ba, don ba na shiga ɗakinta, labulen ma an sake shi da mai kauri. Na ce wataƙila daɗin baki take yi mini. Sai bayan sanyi ya wuce ta shigo shago da ƙulli a ka. Ta sauke, ta kwance. Bargon ne. Na ce a raina shi ma ya dawo.

Ta buɗe kusurwa ɗaya. Rami ne, baƙi a gefe, girman kwabo. Garwashin kasko ne ya yi tsalle. Na ɗaga shi na kai hanci. Hayaƙi, da man zafin da take shafawa a gwiwa. Gefen da ke zuwa wuya ya yi dauɗa, ya yi laushi.

Ta ce, "Inna ta ce a gyara, a yi sauri kafin ruwa ya sauka. Ta kuma ce a tambaye ka inda za ka samo ƙyallen."

Na ce, "A rigata."

"Zan gaya mata."

Yanzu ina Kankia, a shagon nan dai. Idon maigidana ya yi rauni, ni ke yanka, shi yana zaune yana gyara mini. Ina zuwa Dudunni sau biyu a wata. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona, tana karɓar sabulu, atamfa kuwa har yau ban sake gwadawa ba. Koren ƙyallen na kafe shi da ƙusa a bango saman teburin guga, duk tsohon mai kawo ɗinki da ya shigo sai na nuna masa. Mutum ɗaya ya taɓa cewa nasa ne. Na tambaye shi me aka ɗinka masa da yadin, ya kasa faɗa. Ban ba shi ba. Yana nan a bango.